Tambayar da Ta Faɗo wa Inna

A shekara ta biyu da samun mulkin kai, wani daga cikin manyan bariki ya ga cewa bikin Jamhuriya a Dogon Dutsi bai cika ba in an tsaya ga kokowa da tseren jakuna kaɗai. Ya ce a haɗa da wasan tambayoyi na mata, don a ga matan sabuwar ƙasa su ma kansu ya waye. Ban san ko wane ne ba, amma Allah ya saka masa da alheri, domin shi ya sa aka ajiye keken ɗinki sabo fil a matsayin kyauta. Baƙi ne mai zanen ruwan zinariya a wuya, aka ɗora shi kan tebur a ƙofar biro, wato ofishin gwamnati, kowa ya zo ya kalla ya tafi.

Ni Asiya, keken nan ya tsaya mini a rai. Na koyi ɗinki wajen Madam Félicité, ungozomar asibitinmu, a kan keken misiyon, na 'yan coci, wanda ake ba ni in taka in masu shi sun gama. Hannuna ya faɗa, wannan kowa ya shaida, sai dai ba ni da abin takawa nawa na kaina. Kawu Inusa, ƙanen Inna mai shagon ɗinki a Doso, ya riga ya aiko cewa da an watse daga biki in hau mota in koma wajensa da zama. Ni ba na son Doso. Inna kuwa, Kaltume mai ƙosai, ko sunan garin aka ambata sai ta ɗaure fuska, don ni ce autarta, kuma tun rasuwar Baba ni kaɗai na rage mata a ɗaki. Maganar a fili take: in keken ya shigo gidanmu na zauna, in ya tafi wani gida ni ma na tafi.

Kowane gari ya kawo mata uku. Na Dutsi su ne Madam Félicité, da ni, da Inna. Kada a yi mamakin Inna. Ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, amma kaskonta na jikin bangon makarantar shekara da shekaru, duk abin da yara suka rera a aji ya shige mata kunne tare da hayaƙin mai. Da na ce ta shiga, cewa ta yi ita ba ta yin abin kunya a gaban jama'a. Da na ce to shi ke nan, in fara ɗaure kayana, sai ta tashi ta nemo zanenta na salla.

Akwai kuma yayana Tukur, ɗan farin Inna, wanda aka yaye a ɗakin Kaka ya girma can. Kowa ya san yadda uwa ke yi da ɗan fari a wajenmu, amma Inna ta kai abin ƙarshe. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Ke Asiya, kai ma wancan tuwo nai," shi ke nan. Bara da ya kayar da duk 'yan kokowar Arewa a wannan filin, gari ya ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gida ana guɗa, Inna na zaune tana tsintar wake ta ɗago kai ta ce, "Hayaniyar mi a ka yi?" Alhali ni na ga tana zuba tsakuwa cikin waken kirki, tana zubar da waken a ƙasa.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin ƙofar biro ya cika maƙil. An ɗaura amsa-kuwwa a jikin bishiyar bedi. Mai tambaya shi ne Mushe Laurent, wato Malam Laurent a bakin 'yan Faransanci, darektan lakwal, dogon mutum mai tabarau, baƙo daga can ƙasashen bakin teku. Hausarsa ta littafi ce, yana jera ta a hankali kamar mai taka ƙwai. Yana ganin girman Inna ƙwarai, don da zazzaɓi ya kayar da shi farkon zuwansa ita ta riƙa aika masa da kunun tsamiya har ya tashi. Alƙalin wasa kuwa Ɗanmalam ne, tsohon tafinta, wanda aka ba aikin jefa goro ɗaya a ƙwaryar duk garin da ya ci tambaya. Kuskure aka yi da aka ba shi tsaron goro, amma wannan wata magana ce.

Matan Kiyeshe da na Sukukutane ba su daɗe ba suka fita, suka koma gefe suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Aka bar mu da matan Kore Mairuwa, kuma shugabarsu A'i ce, 'yar kasuwa mai sayar da manja da gishiri, wadda in ta buɗe baki amsa-kuwwa ma hutawa take yi.

Mushe ya sa hannu a ƙoƙo ya zaro takarda. "Asiya. Wane babban kogi ne ya ratsa Yamai?"

Na ce, "Kwara."

Ya duba takardar ya ce, "A nan an rubuta Nijar."

"Nijar ƙasa ta, Mushe, ba ruwa ba," in ji ni. "Ga mu cikinta zamne, ko zanena bai jiƙe ba."

Wani gardi Bazabarme da ke tsaron tebur ya manta da aikinsa ya ɗaga kulki ya ce sunan kogin Isa, kuma duk wanda ya ce wani abu daban bai sha ruwansa ba. A'i ta miƙe ta ce in takarda ta ce Nijar to Nijar ne, a ba su tambayar. Jama'a ta rabu uku. Ɗanmalam ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin kogin da idonsa. Wani direban mota ya ɗaga hannu. Aka ce to yaya sunansa? Ya ce shi dai da ya je bai ga an rubuta komai a jikinsa ba. Ɗanmalam ya jefa mana goro.

Tambayar A'i ta zo a kan launin tutar ƙasa. Wannan ma ai kyauta ce, tunda tutar na bisa kanmu tana kaɗawa. Duk filin ya ɗaga kai sama lokaci guda, har da ita, ba ko kunya.

"Ja, da hwari, da tsanwa," in ji ta. "Da ɗan ja ga tsaka."

Mushe ya ce takarda ta ce oranji, ba ja ba.

Na yi wuf na tashi. "In takarda ta ce oranji, to oranji na! Ba ke kinka ce ba yanzu?"

"Zamna, ɗiyar ga," in ji A'i. "Kin taɓa jin an aiki yaro kasuwa shi sawo zane oranji?"

Madam Félicité ta ce ruwan lemo ake nufi. Matan Kiyeshe suka ce lemon da suka sani tsanwa ne. Ɗanmalam ya ɗauki goro daga cikin na gwamnati, ya gatsa, ya tauna a natse, ya fito da harshensa ya nuna wa jama'a, ya nuna tuta. Ya ce ruwan goro ne. Amma tunda a Arewa abin da ba fari ba, ba baƙi ba, ba tsanwa ba, ja ake ce masa tun kaka da kakanni, ba zai zalunci baƙuwa ba. Ya jefa musu goro. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ko ni aka tambaya ja zan ce.

Daga nan abu ya yi ta tafiya, mu ci su ci. Madam ta zubar mana da ɗaya da aka tambaye ta tsakanin gero da maiwa wanne ke riga nuna, ta ce maiwa. Ba laifinta ba ne, da doya aka yaye ta. Sai aka tambayi wata 'yar Kore Mairuwa babban birnin ƙasar Otbolta, ta ce Kumasi, don can mijinta ke cin rani. Tambayar ta dawo kan Inna.

Inna ta gyara zama, ta rufe ido, ta ɗaga murya irin ta 'yan aji biyu. "Senegal, kapital Dakar! Mali, kapital Bamako! Gine, kapital Konakiri!" Yaran lakwal da ke gaba suka kama mata amshi. Ita ba ta iya tsallake ba, yadda waƙar ta shiga haka take fita, sai da ta bi layi har ta iso, "Otbolta, kapital Wagadugu!" Ta so ma ta zarce Dahome, na taka mata ƙafa.

A'i ta yi tsalle. "Amsa huɗu ta ba da! In haka a ka yi, ni ma sai in hwaɗi garuruwan duniya duka, wanda yad dace ku ɗauka!"

Madam ta ce kowane gari da ƙasarsa Inna ta haɗa shi, ba ta cakuɗa ba. A'i ta ce ba a tambaye ta Dakar ba. Gardin nan ya sake sa baki, aka ce ya yi shiru. Ɗanmalam dai ya ba mu goron, amma Mushe Laurent ya gaji. Ya cire tabarau ya goge, ya matso bakin amsa-kuwwa ya kafa doka: daga yanzu amsa ɗaya, wadda ke rubuce a takarda, kuma daga bakin wadda aka tambaya. Wadda aka raɗa wa ta faɗi. Kowa ya ce ya yarda, mu ma muka ce mun yarda.

Aka zuba goro aka duba, kunnen doki. Saura tambaya guda, kuma layi ya zo kan Inna. In ta ci, keke namu. In ta kasa, tambayar ta koma wajen A'i.

Mushe ya sa hannu a ƙoƙo. Har yau ba zan rantse cewa daga cikin ƙoƙon takardar ta fito ba, don na ga kamar tun ɗazu tana tsakanin yatsunsa. Ya buɗe ta yana murmushi irin na wanda ya zo rama alheri.

"Mama Kaltume. Wane ne ya ci kokowar bikin Jamhuriya ta bara, a nan Dogon Dutsi?"

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "La ilaha!" Daga nan dariya ta ɓarke, maza na dukan cinya, mata na rufe baki da zane. Inna ta sunkuyar da kai tana duban yatsun ƙafarta. Ni kuwa na ji kamar har na hau motar Doso.

Mushe ya duba hagu ya duba dama. "Mama, ba ki san shi ba? Ai a gidanki yake cin tuwo!"

Dariya ta ƙaru. Madam Félicité ta jawo hannun rigarsa ta yi masa bayani da Faransanci cikin sauri. Ina kallon fuskarsa tana sauka a hankali. Bawan Allah, ya ɗauka zuma ya miƙa mata. Ya ce to a canja tambayar.

"Ba a canjawa!" in ji A'i. "Wadda ta hito ita ta hito."

Ɗanmalam ya yi gyaran murya. Ya ce a yi adalci, kowa a filin nan ya san Kaltume ta san amsa, ita ta haifi amsar ma. Ya ce ta nuna shi kawai. Inna, ba tare da ta ɗago ido ba, ta ɗan tura haɓa wajen gindin bedi inda Tukur ke tsaye cikin abokansa, ya fi kowa tsawo.

"Ga shi, ta nuna," in ji Ɗanmalam, ya kai hannu ga goro.

"Haɓa ba baki ba ta," in ji A'i. "Kuma mutum goma na can tsaye. Wa ta nuna? Mai tallan rake?"

Aka shiga gardama sosai. Wasu suka ce haɓa ai a jikin baki take. Matan Sukukutane suka ce a yarda in ta ce "wancan", tunda a gidan sunansa ke nan. A'i ta ce a duba takarda, in an rubuta "wancan" ta yarda. Wani ya ce ta faɗi kirarinsa na fagen kokowa, tsofaffi suka yi masa ca, suka ce uwa ta yi wa ɗan fari kirari a bainar jama'a ai gara sunan sau goma. Madam ta ce a bar ni in faɗa a madadinta, A'i ta tuna mata dokar da muka amsa da bakinmu. Haushin A'i biyu ne, don wanda Tukur ya kayar a karon ƙarshe bara ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗanmalam ya ce, "Haba A'i. Ke ba ki da ɗan hwari?"

"Ina da shi, Baba, kuma wallahi ko da wuƙa ba ni hwaɗin sunanai. Na san abin da ta ka ji." Ta dubi Inna, ta dubi tebur. "Amma keke keke na."

Ni bakina yana ƙaiƙayi in ce Inna ki faɗa, don Allah ki faɗa, amma in na yi magana mun faɗi. Sai na kama bakin zanenta na riƙe kawai. Nan tausayinta ya kama ni har ya fi tsoron Doso, na saki zanen.

Mushe ya ce cikin sanyin murya, lokaci ya kusa. A'i ta fara gyara ɗaurin kallabi.

Sai Tukur ya ratso jama'a ya fito. Bai zo kusa ba, ya tsaya daga nesa ya durƙusa kamar yadda ya saba gaishe ta, idonsa a ƙasa.

"Inna, kak ki hwaɗi," in ji shi. "Ki bar masu abinsu. Ni ka zuwa cin rani bana, in Allah ya so in sawo ma Asiya wani."

Ya san ƙarya yake yi, ni ma na sani, cin rani uku ba zai sayi wannan keken ba. Inna ta ɗago kai ta dube shi. Ina jin ranar ce ta fara dubansa ido da ido a gaban mutane. Ta juyo ta dube ni. Sannan ta tashi, ta ja zane ta rufe rabin fuska, ta matsa wajen Mushe.

"Tukur," in ji ta, ƙasa-ƙasa.

"Ba mu ji ba!" in ji wani marar kunya daga baya.

Mushe ya miƙa mata bakin amsa-kuwwa. Inna ta saki zanen.

"Tukur na! Ɗana na, ni na haihe shi!"

Muryar ta fita ta jikin bedi, ta bugi dutse ta dawo. Ba wanda ya yi dariya. A'i ce ta fara rangaɗa guɗa, da hawaye a fuskarta, tana yi tana zagin Mushe da takardarsa. Ɗanmalam ya juye mana duk goron da ya rage, wanda bai ci ba. Tukur na nan inda ya durƙusa, ya kife fuska a gwiwa, sai da abokansa suka zo suka ɗaga shi.

Inna ba ta tsaya karɓar kyauta ba. Ta lulluɓe kai ta bi ta bayan biro ta yi gida, ni da Madam muka ɗauko keken. An ɗan daɗe ba a ci ƙosai a bakin lakwal ba, don ta ce ba ta da idon da za ta dubi gari. Tsofaffin unguwa suka yi ta zuwa, wasu su yi faɗa, wasu su ce ai don auta ne, Allah ya gani. Mushe Laurent ya aiko da ban haƙuri har sau biyu, ta ce a gaya masa ya ci gaba da aiko kwanonsa na ƙosai, amma kada ya ƙara yi mata alheri. Aka aika wa Kawu Inusa cewa ya nemi wata.

Na kafa kekena a zaure, aiki ya fara shigowa. Tukur kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidan, tuwonsa ma sai dai a kai masa ɗakin Kaka. Da ya dawo zuwa, komai ya koma yadda yake, "wancan" ya zo, "wancan" ya tafi. Har Inna ta koma ga Allah ba ta sake faɗa ba.

Wata safiya, ba a daɗe da bikin ba, Tukur ya shigo zaure da riga a hannu wai ta yage a hammata. Na duba, da gani da hannu aka ɓarka ta. Ya zauna a dakali yana kallon ƙafata a kan keke. Daga cikin gida ana jin Inna tana daka.

"Asiya," in ji shi, "ran nan... ƙaƙa ta hwaɗe shi?"

Na ce, "Kai ba ka wurin? Har Kiyeshe an ji."

"Kunnuwana sun toshe. Na ga bakinta na motsi, ban ji komi ba."

Na so in yi masa tsiya, sai na ga idonsa, na fasa. Na sa rigar a ƙarƙashin allura, na taka keken da ƙarfi don kada Inna ta ji, na sunkuya na faɗa masa da muryarta, yadda ta faɗa. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Sake."